Wai mece ce "karma" ɗin nan da kowa ke ambata?

Kwanaki wata 'yar uwata ta saka sitatus, saurayin da ya yaudare ta shi ma wata ta wanke shi tas, sai ta rubuta "karma ba ta mantuwa" da emoji na dariya har guda uku. Ɗan siyasa ya sha ƙasa a zaɓe, karma ce. Wanda ya cinye kuɗin adashi waya ta faɗa masa a kwata, karma ce. Mun maida ta kamar wata 'yar sanda mai farin kaya da ke bin mutum a baya tana jiran ranar da za ta cafke shi. Yawancinmu a fim ɗin Indiya ko a Turancin Facebook muka tsince ta, kuma in ka duba da kyau abin da muke nufi da ita shi ne alhaki, wanda dama muna da shi tun kaka da kakanni, alhaki kwikwiyo ne mai shi yake bi. To amma can gidan da kalmar ta fito ba haka take ba, masanan addinin Buddha sun kwashe sama da shekara dubu biyu suna kai ruwa rana a kanta tun daga Indiya har Japan.

Kalmar ta harshen Sanskirit ce, a harshen Pali kuma, wanda aka rubuta tsofaffin nassosin addinin Buddha da shi, kamma ake cewa, kuma ma'anarta kawai aiki. Shikenan fa, aiki, abin da ka yi. Sakamakon da ke biyo baya sunansa daban, ana ce masa vipaka wato nuna irin ta ɗan itace, ko phala wato ɗan itacen kansa. Kenan duk sanda muka ce karma ta kama wane, shuka muka kira da sunan girbi. A tsofaffin littattafan Veda na addinin Hindu aikin da ake nufi na ibada ne, hadaya da zuba mai a wuta yadda bokayen Brahmin suka tsara, daga baya a littattafan Upanishad aka fara cewa mutum yana zama nagari da aiki nagari, yana zama mugu da mugun aiki, aka kuma ɗaure zancen da samsara, imanin cewa in ka mutu za a sake haifarka, ka sake mutuwa, a sake haifarka, ba iyaka. Wannan sashen ne masu sitatus ba sa sani, karma da sake haihuwa tare suke tafiya kamar ɗan jumma da ɗan jummai.

Siddhartha Gautama wanda aka fi sani da Buddha ya zo ya tarar da wannan muhawara tana ci. An haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yanzu, ya rayu wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Varanasi, ya mutu a Kushinagar yana da shekara 80. A zamaninsa akwai mabiya addinin Jain, su a wurinsu karma wani abu ne kamar ƙura mai laushi da ke manne wa rai duk sanda ka yi aiki, musamman in ka cutar da mai rai, shi ya sa har yau za ka ga wasu malamansu suna share gabansu kafin su taka, wasu sun rufe baki da ƙyalle kar ƙwaro ya shiga. Buddha ya ce a'a, niyya ita ce karma, cetana a harshen Pali, mutum yana ƙullawa a zuci sannan ya aikata da jiki ko da baki ko da tunani. In ka taka tururuwa cikin duhu ba ka sani ba, ba ka ɗauki nauyin kisa ba. In ka kwana kana ƙulla wa maƙwabcinka sharri ko da ba ka taɓa shi ba ka riga ka shuka. Tushen mugun aiki a wurinsa uku ne, kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu.

Na san wani zai ce ai wannan kamar hadisin niyya ne da muka haddace tun muna Islamiyya. Akwai kama a fuska amma ginin daban yake. A Musulunci Allah ne mai hisabi, rayuwar duniya ɗaya ce, akwai tuba akwai gafara. A wurin Buddha babu alƙali kwata-kwata, babu mai rubutawa babu mai yankewa, abin yana tafiya ne da kansa kamar yadda in ka shuka gero ba za ka girbi dawa ba. Kuma burinsa ma ba wai mutum ya tara karma mai kyau ba ne, don mai kyan ma haihuwa za ta sake jawo maka, sai dai a wuri mai daɗi. Burin shi ne nirvana, a kashe wutar kwaɗayin nan gaba ɗaya yadda zagayen zai tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta waɗannan abubuwa shi ne Buddha da kansa ya ƙi yarda a ce komai karma ne. Wani mai yawon neman sani da ake kira Sivaka ya tambaye shi ko duk daɗi da wuyar da mutum ke ji daga ayyukansa na baya suke, sai ya lissafa masa wasu dalilai, matsalar ɗaci a ciki, majina, iska, canjin yanayi, rashin kula da kai, harin da wani ya kawo maka, sannan karma ta zo a matsayin guda cikin jerin. Wato wani ciwon kai rana ce kawai ta buge ka malam. A wani wurin kuma ya ba da misalin gishiri, ka jefa dunƙule ɗaya a ɗan kofin ruwa ba zai shawu ba, ka jefa irinsa a kogin Ganga ba wanda zai ji ɗanɗanonsa, haka laifi iri ɗaya yake nuna daban a wurin mai ƙuntatacciyar zuciya da wanda ya horar da kansa.

Rigimar gaske a nan ta fara. Buddha ya koyar da anatta, cewa babu wani rai tsayayye a cikin mutum wanda ba ya canzawa, abin da muke kira "ni" tarin abubuwa biyar ne da ke gudana kamar ruwan rafi, jiki da ji da ganewa da ƙudurori da sani. To in babu rai wa zai girbi abin da aka shuka? Wa ya yi laifin, wa aka sake haifa? Wannan tambayar ce ta hana malamansu barci. Akwai wani tsohon littafi, Tambayoyin Milinda, inda wani sarki Bagirke mai suna Menander da ya mulki arewa maso yammacin Indiya a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa ya titsiye wani malami Nagasena. Malamin ya ce in ka kunna fitila daga wata fitilar, wutar farko ce ta yi ƙaura? Ba ita ba ce, kuma ba za ka ce ba ruwanta da ta biyun ba. Sai misalin da na fi so, ɓarawon mangwaro ya tsaya gaban sarki ya ce ranka ya daɗe, ƙwallon da mutumin nan ya shuka daban, mangwaron da na tsinka daban. Za a sake shi? Ina! Wanda ya tsinka daga wancan ƙwallon ya fito, don haka hukunci na nan.

Misali dai misali ne, bai rufe bakin masu gardama ba. Wata mazhaba, Pudgalavada, ta ce akwai wani "mutum" da ba za a ce shi ne abubuwa biyar ɗin ba kuma ba za a ce daban yake da su ba, sauran suka yi musu ca wai sun shigo da rai ta bayan gida. 'Yan Sarvastivada suka ce abin da ya wuce da na yanzu da mai zuwa duk suna nan ta wata fuska, shi ya sa aikin jiya ke iya haifar da abu gobe. Sai Vasubandhu, mutumin Purushapura wato Peshawar ta Pakistan a yau, wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, da ɗan uwansa Asanga, mazhabarsu ta Yogacara ta kawo bayanin da duk Bahaushen da ya taso a karkara zai gane nan take. Suka ce a can ƙarƙashin tunaninmu akwai wani sani mai kama da rumbu, alaya-vijnana, duk aikin da ka yi yana ajiye iri a ciki, irin na nan kwance har ranar da damina ta same shi. Kafin su akwai Nagarjuna na kudancin Indiya, shi kuma cewa ya yi mai aikin da aikin da sakamakon babu wanda ke tsaye da ƙafarsa a cikinsu, kowanne jingine yake da wani, wannan ita ce sunyata da ake yawan fassarawa da wofi, duk da ni ina ganin fassarar tana ɓatar da mutane.

Da addinin ya fita daga Indiya sai kowace ƙasa ta ɗora wa kalmar nata kayan. Sarki Ashoka na Indiya da ya yi mulki wajen 268 zuwa 232 kafin haihuwar Annabi Isa ya tura masu wa'azi, a riwayar Sri Lanka ɗansa Mahinda ne ya kai musu, kuma a tsibirin aka fara rubuta nassosin Pali a ganyen giginya irin tasu. Wannan reshe na Theravada shi ke Myanmar da Tailan da Kambodiya yau, kuma a can karma ta talaka ita ce neman lada, 'yan Tailan na cewa tham bun, da sassafe a fito a zuba wa malamai masu rawayar riga shinkafa a ƙoƙon bararsu, a saki tsuntsu ko kifi. Ba ruwan tsohuwar da ke zuba shinkafar da rumbun Vasubandhu, haihuwa mai sauƙi take nema.

A Sin abin ya ɗan yi tsauri. Addinin ya shiga a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa zamanin daular Han, ya tarar da mutanen da suka yi imani cewa alheri ko sharrin kakanni gidan gaba ɗaya yake bi, jikoki su girba, ga shi baƙon addini na cewa kowa nasa zai ɗauka. Kuma suna da tambayar da mu ma muke yi, don me azzalumi ke mutuwa cikin daula mutumin kirki cikin wahala? Huiyuan, wani malami da ya zauna a dutsen Lu ya rasu a 416, ya rubuta cewa sakamako kala uku ne, na wannan rayuwar, na mai bi mata, da wanda sai bayan haihuwa masu yawa. Daga baya suka sasanta da al'adarsu ta biyayya ga iyaye, aka samu bikin fatalwa na wata na bakwai da labarin Mulian da ya ceto mahaifiyarsa daga azaba, wato ɗa ya yi aikin lada ya aika wa mamaci. Xuanzang kuwa da ya ga fassarorin da ke hannunsu suna karo da juna sai ya kama hanyar Indiya ta hamada, ya yi karatu a babbar makarantar addinin Buddha ta Nalanda, ya dawo a 645 da littattafai 657, kuma koyarwar rumbun nan ce ya fi ba wa ƙarfi.

Daga Koriya addinin ya tsallaka Japan a ƙarni na 6, har yau suna da karin magana jigo jitoku, aikinka ribarka, kusan dai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma a can ne Shinran da ya rasu a 1263 ya juya zancen, ya ce mutum irinsa ya yi nauyin karma da yawa, ba zai fid da kansa da ƙoƙarinsa ba, sai dai ya dogara ga alƙawarin ceto na Amida, wani Buddha daban da Gautama. A Tibet kuma ƙarshen ƙarni na 8 an yi muhawara a gidan ibada na Samye tsakanin Kamalasila daga Indiya da Moheyan daga Sin, shin sai an bi a hankali ana tara aikin kirki ko farkawa lokaci guda take zuwa, a riwayar 'yan Tibet ɓangaren Indiya ne ya yi nasara.

Akwai inda kalmar ke da ƙaya, don da ita aka daɗe ana rufe bakin talaka a Indiya, a ce an haife ka a ƙasƙantaccen aji na al'umma ne saboda abin da ka aikata a rayuwar da ta wuce, ka yi haƙuri. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ɗan Dalit ne, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Ran 14 ga Oktoba 1956 a Nagpur ya karɓi addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mutanensa, amma bai ɗauki fassarar nan ta rayuwar baya ba, ya ce karma tsarin ɗabi'a ne na wannan duniyar, abin da mutane ke yi wa juna da abin da yake haifarwa. Bai cika wata biyu ba bayan taron ya rasu, ran 6 ga Disamba, kuma har yau duk shekara mabiyansa na cika filin da aka yi taron a Nagpur, wanda suke kira Deekshabhoomi.