Tace hoton taurari da dak, filat da bayas

Tace hoton taurari aiki ne na raba hasken da ya sauko daga sama da lahanin da kyamara da madubin hangen nesa suka ƙara wa hoton. Ana yin sa da wasu hotuna iri uku waɗanda babu tauraro ko ɗaya a cikinsu: hoton duhu, da masu harkar ke kira dak, hoton shimfiɗaɗɗen haske, wato filat, da hoton sifili, wato bayas. Dabarar irin ta mai sayar da man ja ce a kasuwar Nima da ke Gana, wadda za ta fara ɗora kwano a kan sikeli babu komai a ciki, ta san nauyinsa, kafin ta zuba mai ta auna. Ana buƙatar wannan ne saboda hasken gajimaren taurari yana da rauni ƙwarai, har lahanin kyamara kan fi shi ƙarfi.

Tarihi

John William Draper ya ɗauki hoton wata a New York a 1840. A 1850 William Bond da John Whipple suka ɗauki hoton tauraron Vega a Harvard, sannan a 1880 ɗan Draper, Henry, ya kama gajimaren Orion. Daga nan har kusan shekara 100 farantin gilashi mai shafen sinadari shi ne idon masana taurari. Farantin yana da matsala biyu. Ta farko, galibi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa kawai yake riƙewa. Ta biyu, wadda ta fi shafar wannan batu, amsarsa ba ta tafiya daidai da haske: in an ninka haske sau biyu, baƙin da zai fito a farantin ba ya ninkuwa sau biyu. Don haka ba a iya ɗauko faranti ɗaya a debe shi daga wani. Abin da ake yi shi ne a buga wasu 'yan tabo masu sanannen ƙarfin haske a gefen farantin, a riƙa gwada taurari da su. Wasu kuma sukan gasa farantin cikin iskar gas, ko su sanyaya fim da busasshiyar ƙanƙara, don ya daɗe yana shan haske.

Sauyi ya zo a 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro CCD, wata sensa, wato guntun lantarki mai mayar da haske lamba, a ɗakin binciken Bell a Amurka, aikin da ya ba su lambar Nobel ta kimiyyar lissafi da zahiri a 2009. Michael Tompsett, abokin aikinsu, shi ya karkata ƙirar zuwa ɗaukar hoto. Wajen 1975 ko 1976 wasu masana daga JPL, wata cibiyar binciken sararin samaniya a Amurka, da Jami'ar Arizona suka ɗauki hoton duniyar Uranus da CCD, kuma galibi shi ake lissafawa a sahun farko. Kyakkyawan CCD yana riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na haske, kowane ɗigo a jikinsa yana ba da lamba, kuma lambar tana hawa daidai da hasken. A nan ne debewa da rabawa suka zama abin yi. Duk tsarin dak da filat da bayas a kan wannan siffa ɗaya ya tsaya.

A 1981 aka wallafa tsarin ajiye hoto na FITS, wanda har yau shi masana ke amfani da shi. Kyamarorin CCD na masu sha'awa sun fara shiga kasuwa wajen ƙarshen shekarun 1980. A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a JPL suka inganta sensar CMOS, wadda yanzu ita ce a cikin waya da kusan duk sababbin kyamarori.

Bayas

Kyamara tana ƙara wata 'yar lamba a kan kowane ɗigo don kada karatu ya faɗa ƙasa da sifili. Ana auna ta da murfi a rufe, a mafi gajeren lokacin da kyamarar ke iya buɗewa, kamar kashi 1 cikin 4000 na daƙiƙa. Aikin minti biyu ne, kuma yakan yi watanni yana amfani.

Dak

Ko babu haske, zafi yana sakin lantarki a cikin sensa, kuma kyamara ba ta bambance shi da hasken tauraro. Wasu ɗigogi sun fi zuba, su ne ke fitowa ja ko shuɗi a wuri ɗaya a kowane hoto. A wasu kyamarorin CMOS akan ga wani haske yana tasowa daga gefe, daga zafin kayan lantarkin da ke maƙwabtaka da sensar. Ana ɗaukar dak da murfi a rufe, da tsawon lokaci ɗaya, ISO (saitin ƙarfin jin haske na kyamara) ɗaya, da zafi ɗaya da ainihin hoton. Sharaɗin zafin shi ne mai wuya, domin wannan zubar tana ninkuwa sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri 6. Sensar da ke kan digiri 30 za ta zubar kusan ninki 32 na wadda aka sanyaya zuwa sifili.

Filat

Madubi ba ya raba haske daidai. Tsakiya ta fi samu, kusurwoyi su yi duhu. Ƙurar da ta kwanta a kan gilashin da ke gaban sensa kuma tana jefa inuwa, wadda ke fitowa kamar zobe mai duhu a hoton. Filat taswirar wannan rashin daidaito ce. Ana ɗaure farar riga a bakin madubi, ba ninki ba tattara, a fuskanci sama bayan asuba kafin rana ta fito, ko a ɗora allon haske a kai. Ana neman hoton ya cika tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da sensa ke iya ɗauka.

Ba a taɓa saitin madubi, ba a juya kyamara, ba a cire ta, sai an gama filat. In an kwance kaya an kai ɗaki, ƙurar ta gusa ko kusurwar ta canja, taswirar ba ta ƙara dacewa. Shi ya sa filat ne aka fi tsallakewa, don yana zuwa lokacin da mutum ya kwana a tsaye ga barci a ido. Amma cikin ukun shi ne bai kamata a bari ba, tunda dak da bayas ana iya sake su wata rana, shi kuwa da wuya.

Lissafi

Ana debe dak daga hoton sama. Ana debe bayas daga filat, a daidaita shi yadda matsakaicinsa zai zama 1. Sannan a raba na farko da na biyu. Misali, idan kusurwa tana samun kashi 70 cikin 100 na haske, raba ta da 0.7 zai ɗaga ta ta yi daidai da sauran. Ba a amfani da hoto guda, domin kowane ɗaya yana ɗauke da nasa yashi-yashin da babu tsari a cikinsa, kuma debe shi ƙara ɓata hoton zai yi. Ana haɗa da yawa a fitar da matsakaici: hoto 25 suna rage wannan yashi-yashin sau 5, hoto 100 sau 10.

Saɓani

Wasu sensar CMOS ba sa ba da karatu tsayayye a gajeren lokaci, don haka masu su kan bar bayas, su ɗauki dak mai tsawon filat a madadinsa. Akwai kuma masu ganin dak ba shi da amfani ga kyamarar da ba ta da sanyaya, gara a riƙa gusa madubi kaɗan tsakanin hoto da hoto. Ba a daidaita a kai ba.

A Ankara da Kumasi

Ankara, babban birnin Gana, tana kimanin digiri 5.6 arewa da tsakiyar duniya, Kumasi kuma kusan 6.7, saboda haka taurarin arewa da na kudu duk suna leƙowa a shekara. Sai dai dare a Ankara ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 23 ba, ga laima. Kyamarar hannu a saman bene a Nima ko Aboabo tana aiki ne da sensa mai ɗumi, shi ya sa ake ɗaukar dak nan take a wurin, ba washegari a ɗaki mai fanka ba. Kyamara mai sanyaya kan sauke zafi da kimanin digiri 30 zuwa 35 ƙasa da na waje, amma tana cin batir, kuma raɓa na iya kwanciya a gilashinta.

Daga Disamba zuwa Fabrairu gajimare yana raguwa, Kaza da 'ya'yanta suna sama da daddare, amma lokacin ne hunturu ke kawo ƙura daga Sahara. Ƙurar da ta shiga kyamara filat zai cire inuwarta, muddin an ɗauke shi a daren. Hazon da ke cikin iska da hasken fitilun gari kuwa ba lahanin kyamara ba ne, babu ɗaya cikin hotunan nan uku da ke taɓa su. Maganin hasken fitilun shi ne fita bayan gari, kamar tsaunukan Aburi ko wajen tafkin Bosomtwe.

Manhajoji

Siril da DeepSkyStacker kyauta ne, PixInsight na kuɗi ne. Dukkansu suna son ɗanyen hoto na RAW ko FITS, domin JPEG ya riga ya lanƙwasa lambobin, lissafin ba ya fita daidai a kansa.