Haƙƙin mallaka da leƙen asirin masu intanet: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wato kana goyon bayan satar fasaha ke nan?

A'a. Wanda ya zuba dukiyarsa ya shirya fim ko waƙa, dole ya ci guminsa. Abin da na ƙi shi ne a lalube aljihun kowa a kasuwa don ana neman ɓarawo ɗaya. Kada a sake yi mini wannan tambayar.

Mece ce ACTA?

Yarjejeniyar yaƙi da jabun kaya da satar fasaha ce, wadda aka tattauna a ɓoye, sannan Amurka da Japan da wasu ƙasashe suka sa mata hannu a Tokyo a watan Oktoban 2011. Jama'a suka fito zanga-zanga, musamman a Poland, don tsoron za ta sa a riƙa sa wa masu intanet ido. Ranar 4 ga Yulin 2012 Majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da ita, ƙuri'a 478 suka ƙi, 39 suka yarda.

To, ai magana ta ƙare.

Ina! Tun 2009 Faransa ta kafa hukumar Hadopi mai aika wa mutane gargaɗi a kan abin da suka sauke, kuma aikin nata ya koma hannun Arcom, hukumar da ta gaje ta, a 2022. Kafin a aika maka gargaɗi, ai sai an sa maka ido.

Ta yaya ake gane mutum?

Da lambar IP ɗinsa, wato lambar da ke nuna layin da ya hau intanet da shi. Kamfanin da ke sayar maka da intanet ya san mai lambar.

Idan na sa VPN, na tsira?

Nan ne ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba. VPN, wato manhajar da ke bi da kai ta injin wani kamfani kafin ka isa inda za ka, yana ɓoye wa kamfanin intanet ɗinka inda kake shiga, kuma masu farautar ɓarayin fasaha a BitTorrent, tsarin musayar fayiloli inda kowane mai saukewa ke ganin lambar ɗan'uwansa, lambar VPN za su gani maimakon taka. Wannan gaskiya ne. Amma fa amanar da ka ɗauke daga hannun wani, hannun wani ka miƙa ta. Idan mai VPN yana ajiye bayanan masu amfani da shi, kotun ƙasar da yake za ta iya sa shi ya fito da su. Da yawa suna cewa ba sa ajiyewa. Kai dai ba ka shiga ɗakin injinansu ka gani ba. Na kyauta kuwa, ka tambayi kanka da me suke biyan ma'aikata.

Sannan ya danganta da inda kake zaune. A Jamus lauyoyin masu fim kan samo izinin kotu, kamfanin intanet ya ba su sunan mai layin, sai wasiƙar neman kuɗi ta iso gida, ko da baƙo ne ya yi saukewar. Idan kana can irin wasiƙar ta zo maka, kada ka firgita, kada kuma ka jefa ta a shara. Nemi lauya kafin ka sa hannu a komai. Kuma VPN kan katse ba ka sani ba, minti ɗaya ya isa lambarka ta bayyana. Ka yi amfani da shi don kare sirrinka, na yarda, amma kada ka ɗauke shi layar zana.

Ba wanda ke taka musu birki?

Akwai, ka kwantar da hankalinka. A 2011 kotun Tarayyar Turai ta ce ba za a tilasta wa kamfanin intanet na Scarlet da ke Beljiyam ya riƙa tace duk abin da masu hulɗa da shi ke aikawa ba.

Ni da nake nesa da Amurka, ina ruwana?

Kim Dotcom ma a New Zealand yake zaune lokacin da 'yan sanda suka dirar masa a watan Janairun 2012, bisa buƙatar Amurka, saboda zargin satar fasaha a shafinsa na ajiye fayiloli, Megaupload. Daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin New Zealand ta bibiye shi ba bisa doka ba, har Firaminista John Key ya ba shi haƙuri. Waɗanda suka ajiye hotunansu da takardunsu na halak a shafin kuwa, wayar gari suka yi suka tarar an rufe shi da kayansu a ciki.