Dokar Gandun Dajin Sarki a Ingila ta Dā: Abin da ke Samun Wanda ya Harbi Barewa

Kafin Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, mai ƙasa yana farauta a ƙasarsa, sarki ma a tasa. Da Wiliyam ya hau, sai ya riƙa shata manyan yankuna yana cewa namun dajin da ke ciki nasa ne, ko da gonar ta wani ce. Wajen 1079 aka shata New Forest a kudancin ƙasar. Marubucin tarihin da ya ba da labarin rasuwar Wiliyam a 1087 ya ce yana son barewa kamar shi ya haife su, kuma ya kafa dokar a makantar da duk wanda ya kashe ɗaya. Wannan hukuncin ne jama'a suka riƙe har yau. Amma wanda ya bi yadda ake gudanar da dokar zai ga aljihun mutane ta fi nema, ba idanunsu ba.

Gandun daji a wannan dokar ba lallai kurmi ba ne. Yanki ne da aka ɗora wa wata doka ta daban a kan dokar gama-gari, da ƙauyukansa da gonakinsa da makiyayarsa. Akwai lokacin da lardin Essex ɗungurungum gandun sarki ne. A zamanin Henri na II (1154 zuwa 1189) abin ya kai maƙura, ana ƙiyasin tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na ƙasar ya shiga ciki.

Abu biyu dokar ke tsarewa. Na farko nama: jar barewa babba, barewa mai ɗige-ɗige wadda Nomawan suka yaɗa a ƙasar, wata ƙaramar barewa, da aladen daji. Na biyu duk wani tsiro da dabbar ke ci ko take fakewa a ciki. Nan ne dokar ta fi taɓa talaka, don ba kowa ke harbi ba, amma kowa na bukatar itace. Yin sassabe don faɗaɗa gona laifi ne. Kafa shinge ko bukka a filin gandu laifi ne. Sare itatuwa fiye da kima laifi ne, ko da kurmin na mai saran ne. Barewa ta shiga gonar mutum ta cinye masa hatsi, ba shi da ikon ɗaga mata baka. Kwana 15 kafin 24 ga Yuni da kwana 15 bayanta lokacin haihuwar barewa ne, sai a taƙaita kiwo da zirga-zirga a gandun.

Dokar da Henri na II ya fitar a Woodstock a 1184 ta tattara ƙa'idojin. Ba a riƙe kwari da baka ko karnukan farauta a cikin gandu sai da izini. Duk namijin da ya kai shekara 12 a yankin sai ya yi rantsuwar ba zai taɓa naman sarki ba. Majemi ba ya zama a gandu sai cikin gari, kuma dalilin a fili yake: fatar sata a hannunsa take ɓacewa. Farautar dare na jawo ɗaurin shekara guda da tara. Manyan karnukan gadi kuwa an yarda a ajiye su, da sharaɗin a nakasa su: a ɗora ƙafar gaba a kan gungume, a sa kurfi da guduma a datse farata uku, yadda karen zai iya haushi da tsaron gida amma ba zai cim ma barewa ba. Bayan shekara uku-uku ake zagayen duba karnuka, wanda ba a datse wa nasa ba ya biya sule 3. Lissafin kuɗin shi ne wanda dattawanmu suka sani kafin zuwan naira a 1973, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Leburan gona a ƙarni na 13 kwabo ɗaya zuwa biyu yake samu a yini, ke nan tarar kare ta kai ladan mako uku ko fiye.

Masu tsaron hawa-hawa suke. Kowane gandu da shugabansa, ƙarƙashinsa malaman daji, wasu a kan doki wasu a ƙasa, su ke sintiri su ke kamu. Da yawansu ba a ba su albashi, wasu ma su ke biya kafin a ba su aikin, don haka a jikin ƙauyawa suke fanshewa: su karɓi damin hatsi, ɗan rago, ɗan alade, ko su dafa giya su tilasta wa mutane saye. Don a sa musu ido sai aka samar da wasu masu shaida, galibi huɗu a kowane gandu, masu ƙasa ne da ake zaɓa a majalisar lardi, ba su cin albashi, sarki kai tsaye suke yi wa aiki. Sai kuma jarumai 12, wato manyan mayaƙan doki masu ƙasa, da ke zagaye gandun bayan shekara uku-uku suna rubuta kowane sabon sassabe da kowane shinge.

A ce an wayi gari an tsinci mushen barewa da kibiya a haƙarƙarinta. Malamin daji zai kira masu shaida, sannan a tara mutanen ƙauyuka huɗu mafi kusa, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da suka sani. Naman a kai wa kutare ko matalauta. Kai da fata da kibiyar a ajiye, don su ne shaida ranar shari'a. Amsar ƙauyawa kusan kullum ɗaya ce, ba mu gani ba, ba mu ji ba. Dokar ta san da haka, shi ya sa ƙauyen da bai fito gaba ɗaya ba, ko ya kasa nuna mai laifi, ake rubuta sunansa a ci shi tara daga baya. Barewa ɗaya ta mutu, ƙauye huɗu sun biya.

In kuwa an kama mutum, wani masanin shari'a mai suna John Manwood, da ya rubuta a 1598, ya lissafa hali huɗu da ake ɗauka kamu ne dumu-dumu: a same shi a tsaye ya ɗana baka ko yana riƙe da karnuka zai saka, a same shi yana bin sawun dabbar da ya ji wa rauni da kare, a same shi da nama a gadon baya, ko a same shi da jini a hannu. Daga nan sai kurkuku, har ya sami masu tsaya masa, sau da yawa mutum 12. Wannan belin ma tarko ne, domin ranar da aka kira shi bai zo ba, kowane ɗaya cikinsu sai ya biya tara.

Akwai ƙaramar kotu da ke zama bayan kwana 40-40, amma ikonta bai wuce ƙananan laifukan itace ba, waɗanda ɓarnarsu ba ta haura kwabo 4 ba. Maganar nama rubutawa kawai take yi ta ajiye. Hukunci sai alƙalan sarki masu zagaye sun iso lardin, su kuwa sukan yi shekaru ba su zo ba, wani lokaci goma, wani lokaci fiye da ashirin. Takardun zamansu cike suke da sunayen waɗanda aka kira aka ce sun rasu. Wannan jinkirin shi ne babbar ɓarakar tsarin ta fuskar hana sata, don hukuncin da zai zo bayan shekara goma ko fiye ba ya tsorata mai jin yunwa yau. Ta fuskar baitulmali kuwa bai ɓaci ba, tarar shekaru ce ake tarawa a kwashe rana ɗaya.

A rubuce hukuncin na da ban tsoro. Dokar 1184 ta ce a karɓi lamuni a laifin farko da na biyu, a na uku sai jikin mai laifin. Ta Richad na I a 1198 ta ambaci ƙwaƙule ido da dandaƙa. Sai dai a takardun shari'ar da suka rage ba kasafai ake ganin an zartar ba. Tara ake gani shafi bayan shafi, ana auna ta da ƙarfin mutum, matalauci wani lokaci a yafe masa don ba abin da za a karɓa. Zagayen da Henri na II ya sa aka yi daga 1175, bayan tawayen 'ya'yansa, ya kawo kimanin fam 12,000. A 1204 mutanen Devon suka biya Sarki Jon mak 5,000, kowane mak sule 13 da kwabo 4, don a cire lardinsu daga dokar, ban da dazukan Dartmoor da Exmoor. Sarkin da ke sayar da gandunsa haka ba barewa ce ta dame shi ba.

Hakimai sun sa maganar gandu cikin Magna Carta, yarjejeniyar da suka tilasta wa Sarki Jon amincewa da ita a 1215, sannan ranar 6 ga Nuwamba 1217 aka fitar da yarjejeniya ta musamman kan gandun daji da sunan Henri na III, yana ɗan shekara 10. Sashe na 10 shi ne zuciyarta: ba wanda zai sake rasa rai ko gaɓa saboda naman sarki. Mai laifi ya biya tara mai nauyi. In ba shi da ita, ɗaurin shekara guda da kwana ɗaya. In ya fito ya sami masu tsaya masa a sake shi, in bai samu ba ya bar ƙasar. Ta hana malaman daji giyar dole da karɓar dami. Ta ƙayyade kuɗin hanya da ake karɓa a gandu, kwabo 2 ga amalanke a wata shida. Ta ba 'yantaccen mutum ikon kiwon aladensa a kurminsa, da haƙa tafki, da ɗibar zumar da ke itatuwansa. Ta kuma yi wa manya rangwame: babban limamin coci ko hakimi da ke ratsa gandu yana iya kashe dabba ɗaya ko biyu a gaban malamin daji, in ba ya nan ya busa ƙaho don kada a ce sata ya yi.

Su wa ke satar? Talakawa na ciki, masu tarko da zarge da raga, suna aiki su kaɗai da dare. Amma sunayen da suka cika takardun sun haɗa da jarumai, 'ya'yan manyan gida, limaman coci da sufaye, har da malaman dajin kansu. Manya sukan fita ƙungiya da rana tsaka, da dawakai da karnuka, don nuna isa. A gandun Rockingham a ƙarni na 13 wasu sun yanke kan namijin barewa suka soke a sanda a tsakiyar fili, suka cusa masa mazari a baki ya wangame, aka rubuta cewa raini ne ga sarki da ma'aikatansa. Limamai sun so fakewa da kotun coci, amma tun 1176 Henri na II ya sami amincewar wakilin Fafaroma cewa laifin gandu a kotun sarki ake yinsa. Arangama kan kai ga kisa, har dokar 1293 ta wanke mai gadin da ya kashe mafaraucin da ya ƙi miƙa wuya.

Daga ƙarshen ƙarni na 13 aka yi ta sake zagaye iyakoki ana rage gandun, zaman alƙalan ya yi ta ja baya. Farauta dai ba ta dawo hannun talaka ba: wata doka a zamanin Richad na II, wajen 1390, ta hana duk wanda ƙasarsa ba ta kawo masa sule 40 a shekara ajiye karen farauta, ko ina yake zaune. Ragowar tsohuwar dokar gandu sai a 1971 majalisa ta soke mafi yawanta, ko da yake kotun masu shaida na zama har yanzu a garin Lyndhurst, tana duba kiwon dawakai da shanu a New Forest.