Dokar kama ƙwallo tare a NFL: gaskiyar abin da ya faru a Seattle

Da zarar alƙalin wasa ya yi kwaɓa a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, sai a tono bidiyon daren 24 ga Satumba, 2012, a shiga yaɗa shi da surutai. Wasu su ce sayar da wasan aka yi, wasu su ce alƙalai ne suka tafi yajin aiki don kwaɗayin kuɗi, wasu kuma su rantse cewa shugaban gasar na da ikon soke sakamakon amma ya ƙi. Zancen sayarwa ba shi da hujja ko ɗaya. Sauran biyun kuwa rashin sanin doka ne.

A daren, saura daƙiƙa 8 a tashi, Green Bay Packers na da maki 12, Seattle Seahawks na da 7. Russell Wilson na Seattle ya wurga ƙwallo sama zuwa yankin cin maki. M.D. Jennings na Packers ya yi tsalle ya cafe ta da hannu biyu ya manna a ƙirji, Golden Tate na Seattle ya cusa hannu, suka zube ƙasa suna kokawa. Alƙalai biyu suka iso, ɗaya ya ɗaga hannaye sama alamar an ci, ɗayan yana kaɗa nasa alamar a tsayar da agogo. Aka ba Seattle, aka tashi 14 da 12.

Dokar da aka dogara da ita tana cikin sashe na 8 na kundin wasan. Ta ce idan 'yan wasa biyu abokan hamayya suka kama ƙwallo a lokaci guda, kuma babu wanda ya saki, to ƙwallon ta ƙungiyar da ta jefa ce. A nan masu yaɗa bidiyon ke tsayawa, su ce ai dokar ce ta zalunci Packers. Amma akwai jimla ta biyu: idan ɗaya ya riga mallakar ƙwallon, sannan ɗayan ya sa hannu daga baya, wannan ba kama tare ba ce. Tambayar ke nan, wa ya riga? A ganina duk wanda ya kalli bidiyon a hankali zai ce Jennings ne. Dokar ba ta da aibi, mai aiki da ita ne bai iya ba.

To me ya hana a gyara da aka duba bidiyo? Ƙa'idar ita ce ba a sauya hukuncin da aka yanke a fili sai hoton ya nuna kuskure ƙarara ba tare da shakka ba. Babban alƙalin ya ce bai ga hakan ba, hukumar NFL kuma ta mara masa baya washegari. Sai dai a sanarwar ta amsa wani kuskuren: kafin tsallen, Tate ya hankaɗe Sam Shields na Packers da hannu biyu, laifin da da an hukunta shi, da Packers sun tashi da nasara. Irin wannan laifi a lokacin ba a duba shi a bidiyo.

Batun soke sakamako kuwa, gaskiya ne sashe na 17 ya ba kwamishinan gasar, Roger Goodell, ikon sauya sakamako ko sake wasa idan aka tafka rashin adalci na ban mamaki. Amma sashen da kansa ya cire kuskuren hukuncin alƙalai daga ciki. Yana da hujja, don in aka buɗe wannan ƙofa kowace ƙungiya da ta sha kashi za ta kai ƙara. Abin da ke ci mini rai shi ne an rubuta wannan kariya ne da tunanin ƙwararru ke alƙalanci, sai ga shi ta rufa wa hukumar asiri a kan ɓarnar da ita ta jawo.

Domin kuwa alƙalan ba su ne suka ajiye aiki ba. Hukumar ce ta hana ƙwararrun alƙalanta 121 aiki tun watan Yuni, bayan an kasa daidaitawa, ta ɗebo waɗanda suka saba da wasannin ƙananan kwalejoji da makarantun sakandare. Su suka yi alƙalancin wasa 48 a makonni ukun farko. Albashi na cikin rigimar, amma ƙashin bayanta fansho ne. Hukumar na so ta daina tsarin da ke ba mutum tabbataccen kuɗi bayan ritaya, ta koma na asusun tara kuɗi wanda ribarsa ke bin kasuwa. Hujjarta ita ce aikin na wucin gadi ne, yawancinsu na da wasu sana'o'in, kamar Ed Hochuli da yake lauya. Gasar da a 2012 take samun kusan dala biliyan 9 a shekara, wannan tsimi bai kai a jefa 'yan wasa cikin haɗari a kansa ba.

Kwana biyu bayan wasan Seattle aka sasanta, aka ƙulla yarjejeniyar shekara 8. Matsakaicin albashi zai tashi daga dala 149,000 a 2011 zuwa 205,000 a 2019, tsofaffin alƙalai kuma za su ci gaba da tsohon tsarin fansho har kakar 2016. Ranar 27 ga Satumba ƙwararrun suka koma fili a wasan Baltimore da Cleveland.