Wuraren Maƙala Ƙugiya a Jikin Mota Wajen Ɗora Ta a Kan Janwe

Wurin maƙala ƙugiya shi ne sashen jikin mota da aka ƙera domin ya jure ƙarfin ja idan za a hau da ita kan janwe mai shimfiɗaɗɗen baya. Irin wannan janwe yana zuro bayansa har ya taɓa ƙasa, sannan injin ja ya naɗe igiyar ƙarfe, motar ta hau a hankali. Aikin kashi biyu ne: jan motar ta hau, da ɗaure ta bayan ta hau. Kowanne da wurinsa, kuma ɓarna mai yawa tana faruwa ne idan aka ɗauki wurin ɗaya aka yi ɗayan da shi.

Nauyin da wurin ke ɗauka

Igiya ba ta ɗaukar nauyin motar gaba ɗaya, sai abin da gangara ta ɗora mata. Mota mai kilo 1,500 a kan bayan da aka karkata da digiri 15 tana jan igiya da kusan kilo 390, ban da turjiyar tayoyi. Idan birki ya kama ko taya ta ƙi juyawa, ƙarfin yakan ninka. Shi ya sa ake sa giya a furi, a saki birkin hannu, tayar da ta ƙi motsi kuma a sa mata abin zamiya a ƙarƙashi.

Zoben ja

A yawancin ƙananan motocin zamani, wurin da kamfani ya tanada shi ne zoben ƙarfe mai haƙoran ɗauri, wanda ake ajiyewa a but tare da jak. A jikin bamba akwai ɗan murfin roba. Idan aka ɓalle shi da bakin sukuddireba za a ga rami mai zurfi da ya kai ga ƙarfen da ke bayan bambar. Ana murɗa zoben har ƙarshe, a zura sifanar taya a cikinsa a ƙara matsewa. Zoben da ya shiga rabi yana iya tsige haƙoran ramin ya fita da gudu, igiya ta biyo shi. A motocin Volkswagen da Audi da dama, hagu ake murɗa shi ya ɗauru, don haka wanda ya ga ya ƙi shiga kada ya tilasta masa.

Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2010 ta wajabta wa mota samun abin ja a gaba, wanda zai jure aƙalla rabin nauyinta cike da kaya. Sai dai an yi zoben ne domin ja a miƙe, sannu a hankali. Fizga ko ja ta gefe na lanƙwasa shi. Da yake ramin yana gefe ɗaya na bamba, ya kamata a daidaita janwe yadda igiya za ta zo a miƙe gwargwadon hali.

Idan babu zobe

Motoci masu firam daban da gangar jiki, kamar a-kori-kura da manyan jif, sukan zo da ƙugiyoyi ɗaure a firam. Wasu motocin kuma suna da ramuka dogaye masu ƙarfafaffen baki a ƙarfen ƙasa, inda ake zura ƙaramar ƙugiya a juya ta ta zauna. A nan ana amfani da sarƙa ko bel mai reshe biyu domin nauyi ya rabu dama da hagu. Littafin motar ne ke nuna ramin da ya dace, domin ba kowane rami ne aka ƙarfafa ba. Wasu na fitar da ruwa ne kawai. Wajibi ne a duba tsatsa da idon basira, musamman a tsohuwar mota, domin ƙarfen da ya ruɓe ta ciki yakan yage kamar kwali.

Wuraren da ba a taɓawa

Kaurin ƙarfe ba shi ne hujja ba. Tayarod da sauran sandunan sitiyari, shaf ɗin da ke juya taya, sandar da ke hana mota tangaɗi, mazaunin lagireto, salansa da bamba kanta, duk ba a yi su don ja ba. Tayarod da ta ɗan lanƙwashe ba lallai a gani da ido ba, sai mota ta fara cin taya ko tana janyewa gefe. Hannayen ƙafa na alminiyam, wato ƙarafunan da ke haɗa taya da jikin mota, ba sa son ƙugiyar ƙarfe, domin tana yi musu rauni da zai iya zama tsaga. Ko a wuri mai kyau, a tabbata sarƙa ba ta danne bututun man birki ko waya ba. A motar lantarki batir yana shimfiɗe a ƙasa, wayoyinsa masu ƙarfin wuta launin lemo ne, kuma ba a kusantar su da ƙugiya. Tesla, alal misali, tana da tsarin da ake kunnawa a allo domin tayoyi su sake kafin a ja.

Ɗauri bayan hawa

Igiyar injin ja ba ɗauri ba ce, zoben ja ma ba a yi shi don a danne mota ƙasa da shi ba. Hanyar da ta fi ƙarancin haɗari ita ce bel a kan kowace ɗaya daga cikin tayoyi huɗu, ta yadda gangar jiki za ta ci gaba da motsi a kan sifirin ɗinta. Dokar ɗaurin kaya ta Amurka ta ce motar da ba ta wuce kilo 4,536 ba sai an tsare ta gaba da baya da ɗauri biyu aƙalla, amma masu sana'ar sun fi amincewa da huɗu. Bayan an ɗan yi tafiya ana tsayawa a sake matse bel, domin yakan saki idan taya ta zauna.