Jefa kuskure da cafke shi a C++: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da jefa kuskure?

A harshen rubuta manhaja na C++, idan wani sashe na manhaja ya ci karo da matsalar da ta fi ƙarfinsa, sai ya yi throw, wato ya jefo wani abu mai ɗauke da bayanin abin da ya faru. Aiki ya tsaya cak, a bi sawun waɗanda suka kira sashen baya-baya har a tarar da catch ɗin da ya dace. In babu mai cafkewa, a kira std::terminate, manhajar ta mutu.

Ai ko lamba ana iya jefawa. Me ya kawo azuzuwan laburare?

Haka ne, ba wanda zai hana ka rubuta throw 42. To wanda ya cafke 42 me zai gane? Azuzuwan laburare kuwa, wato nau'o'in kuskuren da C++ ke zuwa da su a shirye, duk zuriyar std::exception ne, kowanne na da what() mai dawo da bayani a rubuce. Da catch guda ɗaya sai ka tare su gaba ɗaya.

Yaya zan zaɓi ajin da zan jefa?

Ka fara tambayar kanka: laifin wa ne? A cikin stdexcept, sashen laburaren da ke ɗauke da waɗannan azuzuwan, gida biyu ne. Gidan logic_error na kuskuren da mai rubuta manhaja zai iya kauce wa tun kafin ta fara aiki, kuma a nan invalid_argument, out_of_range, length_error da domain_error suke. Gidan runtime_error na abin da sai ana cikin aiki yake bullowa, da 'ya'yansa range_error, overflow_error da underflow_error. A 2011 aka ƙaro system_error cikin wannan gida, don matsalolin da tsarin kwamfutar ke kawo rahotonsu.

Sai dai iyakar ba ta fito sarai ba. Idan ka ba std::stoi, mai mayar da rubutu zuwa lamba, kalmar "abc", za ta jefo invalid_argument, ɗan gidan logic_error, alhali wataƙila mai amfani da manhajar ne ya buga shirme. A ganina bai kamata a ɓata dare ana gardama a kan wannan ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne saƙon: "an kasa buɗe fayil" bai kai "an kasa buɗe config.txt: babu izini" amfani ba, musamman ga wanda aka tasa daga barci ya gyara.

Duk kuskure ne ke jefowa?

Ina! Nan ne sababbin hannu ke faɗawa rami. Ɗauki vector, wato jerin abubuwa, mai suna v mai abu uku: v.at(5) zai jefo out_of_range, amma v[5] ba ya duba komai, sai ya taɓo abin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, wataƙila manhaja ta ci gaba kamar lafiya lau. Raba cikakkiyar lamba da sifili ma ba ya jefo komai a ƙa'idar harshen. Kai za ka duba da kanka.

Wace hanya ce ta fi wajen cafkewa?

Rubuta catch (const std::exception& e), da alamar & ɗin nan. Idan ka bar ta, kwafi za a yi, a yanke duk abin da ajin ɗa ya ƙara a kan na uba, har saƙon na iya salwanta. Sannan ana bin catch bi da bi daga sama, na farkon da ya dace shi ke ɗauka, don haka out_of_range ya riga std::exception a jeri. Kada kuma ka cafke ka yi shiru. In ba abin da za ka iya yi a wurin, bar shi ya wuce sama, ko ka rubuta throw ba tare da komai a gabansa ba. Hakan zai sake jefa ainihin wanda ka kama.

Akwai inda ba a jefawa?

A cikin destructor, wato sashen da ke share abu idan an gama amfani da shi. Tun daga C++11, sigar harshen ta 2011, ana ɗaukarsa noexcept ne, wato wanda ba ya jefo kuskure, sai in an faɗi akasin haka, kuma kuskuren da ya tsallako daga cikinsa kai tsaye std::terminate yake kaiwa.