Me ake nufi da "ekspires" a Legas?

Wanda ya zo Legas daga Kano ko Sakkwato, da wuya ya kwana biyu bai ji an ce masa "bi ta ekspires" ba. Da yawa cikin 'yan uwanmu sun ɗauka duk titi mai faɗi haka ake kiransa. Faɗi kaɗai bai isa ba. Ekspires titi ne da aka gina don mota ta yi ta tafiya ba tsayawa. Babu danja a tsakiyarsa, inda wata hanya za ta gitta sai a ɗaga ta a gadar sama, shiga da fita kuma sai ta inda aka tanada.

Ku dubi hanyar filin jirgi. Daga Obalende mutum zai hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990, ya sauka Oworonshoki, ya ratsa Gbagada zuwa Oshodi, sannan ya kama titin da ya miƙe filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja. Wannan yanki na ƙarshe gwamnatin Akinwunmi Ambode, gwamnan Legas na lokacin, ce ta sake ginawa, Shugaba Buhari ya buɗe shi a 2019. Layi goma ne: kowane hannu akwai uku a tsakiya na masu gudu, da biyu a gefe da direbobi ke kira sabis len. A sabis len ne danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ya kamata ya tsaya, kwandasta na rataye a ƙofa yana ƙwala kiran Oshodi, fasinja na sauka da kaya a ka.

Sunan dai bai hana gosulo ba. Tirela ɗaya ta lalace, ko ruwan sama ya sauka, sai layi ya tsaya cak, mai tikitin jirgi yana duba agogo yana salati. Shi ya sa masu rakiyar alhazai ke yin sammako.

Abin da ya fi damuna shi ne tsallaka titin da ƙafa. Direban da ke layin tsakiya bai tsammanin mutum a gabansa, kuma a irin gudun da yake yi, birki ba ya kama mota nan take. Yaranmu masu talla da masu dako sukan haura shingen tsakiya don gadar masu tafiya a ƙasa ta yi musu nisa. Jami'an jiha na kama mai yin haka, amma kamun ne mafi sauƙi cikin abin da kan same shi. Duk wanda ƙaninsa ya zo daga gida, ranar farko ya kai shi ya nuna masa matakalar gada.